Man da ke barci da wanda ba ya barci: abin da mai yawan kolestarol zai zuba a miya

"Likita ya hana ni mai." Da wannan maganar mutane da yawa ke komawa gida idan an auna jininsu a Maraɗi ko Tasawa aka ce kolestarol ya hau. Daga ranar uwargida ta shiga aiki biyu: ga tukunyar gida, ga 'yar tukunyar maigida, miya fara fat babu ko ɗigon maiƙo. Ya daure mako biyu ko uku yana ci yana yatsine fuska, rannan ya ture kwanon ya ce shi dai ya gaji, kowa da ranarsa. A koma gidan jiya, har da ramuwar man shanun da aka yi kewa.

Wannan wahalar ba ta da dalili tun daga farko. Abin da masu bincike suka tara cikin shekaru sama da 60 bai ce mai yawan kolestarol ya daina cin mai ba. Cewa ya yi wani mai yana ɗaga kolestarol, wani yana sauke shi, kuma wanda ya musanya na farko da na biyu ya fi wanda ya ƙaurace wa mai kwata-kwata cin riba. Mutumin Tchaké ma ba sai ya aika Yamai ko Kano ba, domin biyu daga cikin man da likitocin zuciya ke yabawa a gonarsa suke fitowa.

Tchaké ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Mayahi, cikin jihar Maraɗi, kuma gundumar Tasawa na maƙwabtaka da Mayahi. A ƙidayar 2012 kowace daga cikin gundumomin biyu ta haura mutum rabin miliyan. Ƙasa ce ta jigawa, ta hatsi da dawa da wake, ta riɗi da gyaɗa, wadda mutanen yankin suka fi kira gujiya. Ga gorubar Gulbin Kaba, ga jajayen awakin Maraɗi, ga Fulani da Buzaye masu kawo nono da man shanu ranar kasuwa. Gyaɗa ta taɓa riƙe tattalin arzikin Nijar. Ita ta sa aka kafa matatar mai ta Siconiger a Maraɗi tun zamanin Turawa, ita ta sa gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don saye da fitar da ita waje. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki, amma ba su raba mata da sana'arsu ba. Har gobe a ƙauyukan Mayahi da Tasawa mace za ta soya gyaɗa, ta murje, ta kai inji, ta dawo tana yayyafa ruwan zafi tana juyawa har mai ya tsatso, ta kwashe a kwalba, tunkuzar kuma ta zama ƙuli-ƙuli.

Sai dai kwalbarta ta samu kishiya. Man jarka mai ruwan ɗorawa da ake aunawa a kanti ya fi nata araha, kuma shi ma a baki "man gyaɗa" ake ce masa, alhali mafi yawansa bai taɓa ganin gyaɗa ba. Manja ne aka tace, aka cire masa ja da ƙamshi, aka ware ɓangaren da ya fi ruwa. Daga Kodebuwa wani ke zuwa, wani daga Malesiya da Indunusiya, ƙasashe biyun da ke samar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na manjan duniya. Manomi ya sayar da buhun gyaɗarsa da kaka, da kuɗin ya riƙa sayen man jarka har damina. A lissafin aljihu bai yi wauta ba. A lissafin jijiya kuwa, idan yana cikin masu yawan kolestarol, ya ba da mai kyau ya karɓi wanda bai kai shi ba.

Kolestarol kansa ba guba ba ne. Wani maiƙo ne da jiki ke gina bangon ƙwayoyin halittarsa da shi, ya haɗa sinadaran da ke bambanta namiji da mace, da bitamin D, da ruwan matsarmama mai narkar da mai a hanji. Mafi yawansa jiki ne ke ƙerawa, musamman hanta. Abin da ke shigowa ta baki ƙaramin kaso ne. Da yake mai ba ya gauraya da ruwa, jini na ɗaukar sa cikin wasu ƙunsoshi, kuma biyu daga cikinsu ne ke fitowa a takardar awo: LDL da HDL. A ɗauki LDL a matsayin amalanken da ke fita da kaya zuwa sassan jiki, HDL kuma wanda ke kwaso ragowar ya mayar hanta. Idan amalanken fita suka yi yawa a hanya suka rasa mai sauke musu, kayan sai ya riƙa maƙalewa a bangon jijiya. Shekara da shekaru jijiyar tana ƙuntata ba ciwo ba zazzaɓi, har ranar da tarin ya fashe jini ya daskare a kansa. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ne ya fara nuna haka a 1913, da ya ɗura wa zomaye kolestarol ya tarar jijiyoyinsu sun cushe. Yadda abin ke faruwa a jikin mutum kuwa sai a shekarun 1970 aka gane. Michael Brown da Joseph Goldstein, a Dallas ta Amurka, suka gano cewa ƙwayoyin jiki, musamman na hanta, suna da wasu ƙofofi da ke kama LDL su janye shi daga jini. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 1985. A nan ne mai ya shigo maganar: kitse mai daskarewa yana rage aikin waɗannan ƙofofi, sai LDL ya taru a jini, man da ba ya daskarewa kuma yana barin su a buɗe. Shi ya sa mutum zai iya shekara bai ci ƙwai ba amma kolestarol ɗinsa na sama, saboda abin da ake soya masa abinci da shi.

Ɗakunan awo na Nijar sun fi rubuta sakamakon da giram cikin lita, na Najeriya kuma da wani ma'auni dabam, abin da kan rikita 'yan kasuwar da ke awo yau a Maraɗi gobe a Katsina. Jimillar kolestarol da ta haura giram 2 a lita, wato 5.2 a ma'aunin Najeriya, ta wuce inda ake so. Amma jimillar ba ta isa hukunci ba. LDL likita ya fi dubawa, kuma iyakar da zai sa wa mutum ta danganta da sauran halinsa. Mai ciwon sukari, ko mai hawan jini da ke shan taba, ko wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, ana so nasa ya sauka ƙasa da na mai ƙoshin lafiya nesa ba kusa ba.

Matan karkara sun daɗe da sanin bambancin mai, ba tare da sun shiga ɗakin awo ba. Da sanyin hunturu, wani mai yakan yi barci a kwalba sai an kai shi rana ko bakin murhu, wani kuma yana nan da ruwansa. Mai barcin shi ne mai yawan kitse mai daskarewa. Babu man da yake nau'i ɗaya tsantsa, kowane gauraye ne, abin dubawa shi ne kason. A man gyaɗa na gaskiya, mai daskarewar bai wuce kashi 17 zuwa 20 cikin ɗari ba. Kusan rabinsa nau'in oleyik ne, irin wanda ya yi wa man zaitun suna, sauran kuma linoleyik, wanda ya fi kowane nau'i sauke LDL. Man riɗi ya ma ɗara shi: mai daskarewa kashi 14 ne, linoleyik ya haura kashi 40. Man waken soya kashi 15 ko 16. Man aya, wadda jihar Maraɗi ta yi fice wajen nomanta, kusan ɗan'uwan man zaitun ne wajen yawan oleyik, sai dai ba a cika matsar sa ba.

A ɗaya ɓangaren, manja rabinsa mai daskarewa ne, ja ne ko tatacce. Na jarka ya ɗan yi ƙasa da rabi kaɗan. Kitsen sa da na rago su ma wajen rabi. Soyayyen man shanu ya haura kashi 60. Man alayyadi da man kwakwa sun wuce kashi 80, duk da tallar da ake yi wa man kwakwa a Facebook da WhatsApp ana kiransa maganin komai. A 2015 masu bincike a Singafo suka haɗa sakamakon gwaje-gwajen da aka yi kan manja, suka ga yana ɗaga LDL idan aka kwatanta shi da man tsirrai marasa daskarewa, da misalin kashi ɗaya cikin goma na giram a lita. Ba bala'i ba ne, amma ga wanda nasa ya riga ya hau kuma kullum da shi ake girki, taruwa yake.

Gwajin barcin yana da inda yake kuskure. Man kaɗe da ke zuwa daga kudu daskararre ne ko da bazara, amma yawancin abin da ke daskarar da shi nau'in sitiyarik ne, wanda bai cika motsa LDL ba. Man gyaɗa na gida shi ma yakan yi gajimare in sanyi ya tsananta. Rubutun "babu kolestarol" da ake mannawa a jikin galan kuwa dabarar talla ce kawai: man tsiro kowane iri ba ya ɗauke da kolestarol ɗin a zo a gani, har da na kwakwa, amma wannan bai hana shi sa jiki ya tara nasa ba.

A watan Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta: kitse mai daskarewa kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga baligi mai cin abinci daidai misali, giram 22 ke nan. A mayar da shi cokali. Babban cokali ɗaya na soyayyen man shanu yana da wajen giram 9, na manja giram 7, na man gyaɗa giram biyu da ɗoriya, na riɗi giram 2. Wanda aka malala wa cokali biyu na man shanu a kan tuwon dare, bayan an soya miyar da man jarka, ya tsallake iyakar tun kafin a lissafa tsiren yamma. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ma ta fi tsanantawa ga masu yawan kolestarol, ta ce kada su wuce giram 13.

A nan ne wani dattijo zai gyara zama ya ce: to Fulani fa? Sun tashi cikin nono da man shanu, ga su sirara, suna bin shanu har tsufa. Tambayar ba ta banza ba ce, kuma an bincika. A 2001 Robert Glew na Jami'ar New Mexico da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani a wurin Fulani makiyaya na tsaunukan Jos. Kusan rabin kuzarin abincinsu daga mai yake, kuma kaso mai tsoka na man mai daskarewa ne, amma kolestarol ɗinsu bai hau ba. Dalilin da masu binciken suka kawo shi ne abincin nasu gaba ɗaya kaɗan ne, ba su da ƙiba, kuma yini suke a ƙafa. An ga irin haka a wurin Masai na Gabashin Afirka a shekarun 1960, ko da yake da aka duba gawarwakinsu daga baya an tarar da tarin kitse a jijiyoyin, sai dai jijiyoyin sun buɗe sosai.

Wanda ya kafa hujja da Bafulatanin daji sai ya duba ko rayuwarsu ɗaya ce. Alhajin da ke zaune a rumfar shago daga hantsi zuwa magariba, babur ya kai shi masallaci ya dawo da shi, ga shayi mai sukari sau uku, ga shinkafa, ga balangu, man shanu kaɗai ya haɗa shi da makiyayi. Kuma aikin ƙarfi shi kaɗai ba garkuwa ba ne. Mutanen Kareliya ta Arewa, a ƙasar Finlan, manoma ne masu kiwon shanu da masu saran itace, majiya ƙarfi, amma a farkon shekarun 1970 suna cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duniya, maza na faɗuwa tun ba su kai hamsin ba. Cimarsu man shanu a burodi, madara mai maiƙo, gishiri, ga taba. A 1972 aka fara wani shiri a ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska, aka bi ƙauye-ƙauye da ƙungiyoyin mata da kantuna, aka karkata mutane zuwa man tsirrai da kayan lambu, aka yaƙi taba. Cikin shekaru 40 mutuwar ciwon zuciya tsakanin maza masu shekarun aiki ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Magunguna da kula da hawan jini sun taimaka, amma saukar kolestarol na cikin manyan dalilan.

Gwaje-gwajen asibiti sun tafi a kan wannan layi, ko da yake ribar da suka nuna ba ta kai ta Finlan ba. Wani nazari na ƙungiyar Cochrane a 2020, wanda ya haɗa gwaje-gwajen da aka yi aƙalla shekaru biyu ana bin mutane, ya nuna rage kitse mai daskarewa ya rage aukuwar cututtukan zuciya da jijiya da kashi 17 cikin ɗari. A Sifen kuma an bi mutum sama da 7,000 masu haɗarin ciwon zuciya. Waɗanda aka ƙara wa man zaitun ko 'ya'yan itatuwa masu mai sun fi waɗanda aka ce su rage mai tsira, da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ƙara musu mai aka yi, ba ragewa ba.

Akwai wani kitsen da babu mai kare shi. Shi ne kitsen tarans, wanda masana'antu ke samarwa idan suka daskarar da man tsiro da gangan don ya daɗe bai lalace ba, a sa a bota, biskit, kek da man toye-toye. A 1990 wasu masu bincike biyu a Holan, Mensink da Katan, suka nuna yana yin ɓarna biyu a lokaci guda: ya ɗaga LDL, ya sauke HDL. Danmak ta fara taƙaita shi a 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kiran a kawar da shi a 2018, Najeriya kuma a 2023 ta ƙaddamar da dokar da ta hana ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai. Wannan doka ta shafi mutanen Maraɗi kai tsaye, tun da kaso mai yawa na kayan leda da ke kantunan Mayahi da Tasawa ta Jibiya da Ɗan Isa yake shigowa.

Man suya da ake maimaitawa wani batu ne dabam, kuma mutane kan haɗa su. Kaskon ƙosai, fanke ko awara da ake ƙara wa sabon mai a kan tsoho kwana da kwanaki, har ya yi baƙi yana kumfa yana hayaƙi, ba yawan tarans ne babban laifinsa ba; zafi ne ya ƙona man ya rikiɗa shi zuwa abubuwan da ke cutar da bangon jijiya. Ko man gyaɗa ne tsantsa, in ya kai wannan hali ya tashi daga mai kyau.

Wani kitsen kuma ɓuya yake. Madarar garin da mai shayi ke aunowa daga buhu, da yawanta an cire mata man shanunta tun a Turai an maye gurbinsa da manja, don ta yi araha a kasuwannin Afirka ta Yamma. Naman Layya da ake soyawa cikin kitsensa a adana, a riƙa ɗiba har wata biyu, kowane yanki da rabonsa na daskararren mai. Mai tsire yakan jera tsoka da kitse a tsinke, mai saye kuma shi ke cewa a ƙara masa "mai maiƙo". Ga ɓargo, ga cuku, ga fatar kaza. Ba a ce mai yawan kolestarol ya bar nama ba. Tsokar akuya, zabo, kaza ba fata, kilishin da aka yanke wa kitse, duk suna da sauƙi. Nonon da aka kaɗe aka cire wa mai, wanda ake dama fura da shi a ƙauye, ya fi kindirmo dacewa da shi, in dai ba a cika masa sukari ba. Kifi, ko da na gwangwani ne ko na sanyi, yana da man da ke sauke wani maiƙon jini da ake kira tirigilisarid, ko da yake bai cika taɓa LDL ba.

Ƙwai ya sha zagin da ya fi laifinsa. Guda ɗaya yana da kolestarol kusan miligiram 190, amma a jikin yawancin mutane idan ya shigo ta baki sai hanta ta rage nata, shi ya sa Amurka ta cire tsohuwar iyakar miligiram 300 daga shawarwarinta a 2015. Duk da haka akwai waɗanda jikinsu ba ya yin wannan ragin sosai, kuma mai ciwon sukari da mai kolestarol na gado ya kamata su taƙaita. Ƙwaƙwalwar dabba ce ba ta da sassauci, don abin da ke cikinta ya ninka na tsoka sau ashirin ko fiye. Hanta da ƙoda suna tsakiya.

Abin da ke shiga gurbin kitsen da aka cire shi ne rabin maganar, kuma nan 'yar tukunyar maigida ta faɗi. Wanda ya bar mai ya cike cikinsa da farar shinkafa, burodi, taliya da lemon kwalba bai tsira da komai ba: tirigilisarid zai hau, HDL ya sauka, in da ciwon sukari a kusa ya ƙaraso. Abin da ya dace ya cike gurbin yana cikin rumbu. Wake, ko a ɗanwake ko a dafa-duka, yana da harzar da ke riƙe ruwan matsarmama a hanji ta fita da shi, sai hanta ta janyo kolestarol daga jini ta ƙera wani. Yauƙin kuɓewa ma haka yake aiki. Tuwon hatsi da na dawa da ba a surfe su fes ba sun fi shinkafar kanti. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa abinci ne da likitan zuciya ba zai ga abin gyarawa a ciki ba, sai dai gishiri da dunƙule. Wani nazari na 2010 da ya haɗa gwaje-gwaje 25 ya nuna cin giram 67 a yini na gyaɗa da danginta na ƙasashen waje ya sauke LDL da wajen kashi 7 cikin ɗari. Sharaɗin gyaɗa ɗaya ne: wadda ta yi funfuna ko ɗaci a zubar, kada a ce a kai inji don kada a yi asara, domin gubar afalatoksin da ke cikinta tana jawo ciwon dajin hanta.

Mai kyau ma da iyakarsa. Cokalin man riɗi da na kitsen rago kuzarinsu kusan ɗaya ne, wajen kalori 120, kuma teɓa ba ta tambayar daga wace kwalba aka zuba.

A jihar Maraɗi dole a yi wannan magana da taka-tsantsan, don a gidaje da yawa na Tchaké da kewaye matsalar ba yawan mai ba ce, rashinsa ne. Nan ne cibiyar yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubun dubatan yara masu tamowa, kuma abin da ya tashe su ɗin haɗi ne na gyaɗa, mai, madara da sukari. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ba a rage masa mai. Mai ciki da mai shayarwa suna buƙatarsa. Bitamin A da ke cikin zogale da kabewa ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, jan manja shi kansa cike yake da shi, man jarka na halal kuma ana ƙara masa wannan bitamin a ƙasashen yankin. Saboda haka ba daidai ba ne a tsame mai daga tukunyar gida duka don takardar awon mutum ɗaya. A yi miyar kowa da man gyaɗa ko na riɗi, man shanu ya tafi kwanon yara, na maigida a tsallake. Tukunya ɗaya ta isa.

Akwai kuma waɗanda abinci ba zai fisshe su ba ko sun yi yaya. Kimanin mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300 ana haihuwarsa da ƙofofin hanta masu rauni, LDL ɗinsa yana ninka na sauran mutane tun yana yaro, ko siriri ne, ko gumba kaɗai yake sha. Alamunsa sukan fito a fili: ƙulli a agara ko a bayan yatsu, farin zobe kewaye da baƙin ido tun kafin shekara 45, wani lokaci da rawayan tabo a fatar ido, sannan tarihin gida inda uba ko kawu ya faɗi farat ɗaya da sauran ƙarfinsa. Kowane ɗa na mai wannan hali yana da rabin yiwuwar gadonsa, kuma inda auren zumunci ya haɗa masu shi biyu ana iya haifar yaron da ciwon zai kama tun yana makarantar firamare. In aka samu mutum ɗaya a gida, 'yan'uwansa da 'ya'yansa su ma su je awo. Ciwon ƙoda, raunin maƙoƙo da ciwon sukari su ma suna ɗaga kolestarol, haka mata bayan ɗaukewar al'ada.

Gyaran abinci, in an yi shi da gaske, yakan sauke LDL da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Magungunan sitatin, waɗanda asalinsu wani ɗan Japan, Akira Endo, ya gano a jikin funfuna a 1973, suna sauke shi da kashi 30 zuwa 50, kuma suna cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a rasa su a kowace ƙasa. Wanda likita ya ɗora a kansu kada ya ajiye don ya koma man gyaɗa, biyun tare suke tafiya. Mai ciki kuma ta faɗa wa likita kafin ta sha. Ruwan lemon tsami da sassafe, tafarnuwa, da kwalaben "wankin kitse" da ake shela da lasifika ranar kasuwa ba su taɓa buɗe jijiyar da ta toshe ba.

Mai karatu da ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko ciwon sukari, ko aka taɓa yin mutuwar farat ɗaya a gidansu, idan hanya ta kai shi asibitin gunduma ko Maraɗi ya nemi a auna masa LDL, ba jimilla kaɗai ba. In ya hau, ya canza kwalbar man girki, ya yanke kitse, ya ƙara wake, sannan ya koma awo bayan wata uku da tsohuwar takardarsa a hannu, don likita ya ga ko abinci ya wadatar ko sai an haɗa da magani.